Karatun asuba da olonkar kasuwa

Wata 'yar'uwa mai sayar da hatsi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi ta aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Baba, duk sabuwar shekara nakan yi niyyar karance Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Nakan fara Farawa da zafina, amma da na kai Littafin Firistoci sai in maƙale, in ajiye. Daga nan sai dai in buɗe duk inda hannuna ya faɗa, in karanta aya ɗaya in fita. Ina shiga kasuwa kuwa shi ke nan, na manta. Abin yana damuna. Yaya zan yi karatun nan ya bi ni cikin yinina?"

Ɗiyata, sannu da ƙoƙari. Na shekara fiye da ashirin ina koyar da ajin nazarin Littafi da Hausa a nan Kumasi, sana'ata kuma ɗinki, a Asawase. Tambayarki na sha jin ta daga bakin maza da mata, ni ma na yi wa kaina ita kafin in yi furfura.

Bari mu fara da lissafi, don ki daina zargin kanki a kan abin da ba laifi ba. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne a haɗe, sura 1,189: Tsohon Alkawari 929, Sabon Alkawari 260. Mai son gamawa a shekara sai ya ci sura 3 ko 4 kullum, ba fashi. Farawa sura 50 ce, Fitowa 40, don haka wajen ƙarshen Janairu za ki iso Firistoci, daidai lokacin da zafin sabuwar shekara ya huce, ga sanyin hunturu, ga kuɗin makarantar yara. Sai ki tarar da dokokin hadaya, da kitsen rago, da yadda firist zai duba cutar fata. Mutane da yawa a nan suke tsayawa. Tsarin shekara ɗaya yana da kyau ga mai sarari, na bi shi sau da dama kuma na ƙaru, amma babu ayar da ta wajabta shi. Mace mai barin gida kafin gari ya waye don ta tarbi motar masara, in ta ɗora wa kanta sura huɗu kullum, ta ɗauki kayan da zai sa ta jefar da duka.

Ki koma Bisharar Markus. Ita ce mafi gajarta cikin Bishara huɗu da suke ba da labarin Yesu, sura 16, kuma labari ne mai tafiya, ba ya tsayawa. Kada ma ki ce sura guda kullum; labari guda ya isa, wani aya 5 ne, wani 15. Lambobin nan da muke gani ba marubutan ne suka sa su ba. Surori wani limamin Ingila, Stephen Langton, ake danganta wa tsara su a ƙarni na 13, lambobin ayoyin Sabon Alkawari kuwa wani mai buga littattafai ɗan Faransa, Robert Estienne, ya sa su a 1551. Don sauƙin nema aka yi su. Saboda haka ki tsaya inda magana ta ƙare, ba inda lamba ta ƙare ba. In kin gama Markus ki shiga wasiƙar Yakubu, sura 5 kacal, ita kam kamar don 'yan kasuwa aka rubuta ta. Sai Luka da Ayyukan Manzanni a jere, tunda hannu ɗaya ya rubuta su. Bayan nan ki koma Farawa da ido sabo.

Batun buɗe Littafi duk inda hannu ya faɗa, a nan zan ɗan tsaya, don shi ya fi damuna. Ban ce Allah ba ya iya magana da mutum ta haka ba. Amma ki yi tunani: in mahaifiyarki ta aiko miki da saƙon murya daga Bawku ko Bolga, na minti goma, za ki taɓa tsakiya ki ji kalma biyar ki kashe, ki ce kin ji saƙon Inna? Wataƙila abin da kika ji shi ne "ki sayar da gonar," alhali farkon maganar "kada" ne.

Ga misali da muke gani kullum. Irmiya 29:11 tana rubuce a bayan trotro, motar haya, a ƙofar shago, a jikin kalanda: Allah yana da shiri na alheri dominmu, ba na masifa ba. Gaskiya ce. Amma wa aka faɗa wa? Wasiƙa ce annabi Irmiya ya aika daga Urushalima zuwa ga mutanen da Nebukadnezzar ya kwashe zuwa Babila a shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu. A sura ta 28 wani annabi, Hananiya, ya riga ya yi musu albishir cewa cikin shekara biyu komai zai dawo daidai. Irmiya ya ce a'a, shekara 70 ce; aya ta 10 ke nan, wadda take gab da ayar kalandar. Yawancin waɗanda suka ji wasiƙar nan a can za a binne su. Me aka ce su yi kafin nan? Su gina gidaje su zauna, su dasa gonaki su ci amfaninsu, su yi aure su aurar da 'ya'ya, su nemi zaman lafiyar garin da aka kai su, su yi masa addu'a, don lafiyarsa ita ce tasu. Ranar da na fara karanta surar nan gabaki ɗaya na ajiye Littafin na yi shiru. Mu nan zango yawancinmu baƙi ne ko 'ya'yan baƙi. Iyayenmu sun sauko daga arewa, wasu daga Najeriya, wasu daga Nijar, da niyyar shekara biyu su koma. Ga mu da jikoki. Aya ɗaya ta ba ni fatan gobe, amma surar duka ta gaya mini abin da zan yi da Asawase yau: in share kwatar ƙofar shagona, in yi wa garin nan addu'a da sunansa, in daina zaman jiran tafiya.

Haka Filibiyawa 4:13, cewa zan iya kome ta wurin mai ƙarfafa ni. Bulus a kurkuku ya rubuta ta, kuma ayoyi biyu da suke kafin ta suna maganar yadda ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Ayar ranar da kasuwa ta mutu ce, fiye da ranar da ta ci. Ki kuma tuna, a Matiyu sura 4 Shaiɗan da kansa ya janyo Zabura 91 ya karanta wa Yesu, lafazi daidai, manufa a karkace. Shi ya sa nake ce wa 'yan ajinmu, kowace aya tana da maƙwabta, a gaishe su tukuna. Wa yake magana, da wa, me ya faru kafin nan? Wanda ya saba da tambayoyin nan uku da wuya a yaudare shi. Mai buɗe Zabura 91 ya sa ƙarƙashin matashin kai ya kwana bai karanta ba kuwa, ya mai da ita laya, ba don haka aka ba mu ita ba.

Yanzu ainihin tambayarki, yadda karatu zai bi ki kasuwa. Zan ba ki labarina, don a nan na koya.

Saura kwana shida Sallah ne. Kin san yadda shagon tela yake a irin makon nan: shadda jibge har bakin taga, yara biyu a kan keke, ɗaya a kan dutsen guga, wuta tana zuwa tana tafiya. Da asubar ranar na karanta Matiyu sura 5, har wurin da Yesu ya ce kada a rantse, "i" ɗinmu ya zama i, "a'a" ya zama a'a. Na ji daɗin karatun, na yi addu'a, na fita. Wajen hantsi sai ga wata Hajiya maƙwabciyarmu da shadda ta yaranta uku. Na auna yaran, na rubuta awo da alli a bakin yadin, na karɓi kafin alƙalami. Ta ce, "Malam tela, yaushe?" Na ce, "Jibi da yamma, in Allah ya yarda." Bakina yana faɗa, idona yana kan tarin da ke gabana, na san ko na kwana uku ban runtsa ba, ba zan taɓa nata ba sai daren Sallah. Sunan Allah na ɗauka na rufe ƙaryata da shi. Abin da dukanmu muke yi ke nan, har an daina kiransa ƙarya, an ce halin tela ne.

Ta fita, na ɗauki almakashi, sai hannuna ya ƙi. Ayar asuba ta dawo kamar wani ya karanta mini a kunne. Na ajiye almakashin na bi ta, na same ta wurin mai koko tana sayen ƙosai. Na ce, "Hajiya, ki gafarce ni, ban gaya miki gaskiya ba. Guda ɗaya zan iya, biyu ba zan iya ba." Ta dube ni an jima. Ta dawo shagon ta kwashi biyu ta kai wa wani, na mayar mata da kuɗinta. Na yi asara a makon da tela yake tara na wata uku. Ba zan ce miki daga ranar arziki ya buɗe ba, bai buɗe ba. Wasu ma sun bar ni don ba na ce musu "gobe" kamar yadda suke son ji. Abin da ya canza shi ne na daina ɓuya a bayan labule in na hango mai kaya, na daina aika yaro ya ce ba na nan. Kuma daga ranar na gane cewa karatun da na yi shekaru ina yi, a ɗaki nake barinsa tare da tabarmar addu'a. Yakubu 1:22 zuwa 25 ya kwatanta irina da mutumin da ya duba fuskarsa a madubi, ya juya, nan take ya manta kamanninsa.

To ke fa? Abin mamaki, littafin nan da kike maƙalewa a cikinsa, kasuwarki tana ciki. Tsallake zuwa Firistoci sura 19 ki karanta a hankali. Aya ta 35 da 36 sun hana cuta a awo, na tsawo ne, na nauyi ne, ko na mudu. Ma'auni ya zama na gaskiya. Aya ta 13 ta ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunki. Aya ta 9 da 10 sun ce mai girbi ya bar gefen gona da kala domin matalauci da baƙo. Aya ta 16 ta hana yawo da tsegumi. Aya ta 33 da 34 sun ce a riƙi baƙo kamar ɗan gida. Tsakiyarsu kuma, a aya ta 18, ga maganar nan da Yesu ya ɗauko ya ce ita ce doka ta biyu mafi girma: ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Mutane suna zaton a Bishara ta fara, alhali daga Firistoci take.

Ke kin fi ni sanin yadda ake yi da olonka, gwangwanin awon hatsi. Akwai wadda aka bubbuga gindinta ya shiga ciki, akwai ta saye da ta sayarwa, akwai yadda ake tara hannu a baki in mai saye idonsa yana kai, a sake in ya juya. Akwai wake mai ƙwari a ƙasa, mai kyau a sama. Annabi Amos a sura ta 8 ya yi kuka da 'yan kasuwar da suke ƙosawa Asabar ta wuce su rage mudu, su ƙara kuɗi, su sayar har da sharar alkama; ƙarni na 8 kafin Almasihu ke nan, amma ka ce jiya ya ratsa layin hatsi. Maimaitawar Shari'a 25:13 ta hana ajiye ma'auni iri biyu a jaka ɗaya. Ban ce kina yi ba, ɗiyata. Ina nuna miki ne inda karatu yake saduwa da yini. Sai kuma yarinyar nan kayayo da ta ɗauko miki buhu a ka tun daga tasha, da goyo a bayanta: in kin ce ta dawo anjima don ba ki da canji, ke kin manta, ita kuwa da kuɗin za ta ci abincin rana. Aya ta 13 ta Firistoci 19 ke nan a tsaye a gabanki tana share gumi.

Kada ki ɗauka ina cewa riba haramun ce ko ciniki zunubi. Taya da albarka al'adar kasuwa ce, kowa ya san wasan, har Karin Magana 20:14 ta san mai saye da yake kushe kaya, in ya tafi ya yi fahariya. Ki sa kuɗinki, ki tsaya a kai, ki ci ribarki. Inda aka ƙetare iyaka shi ne rantsuwa cewa "ko uwar kuɗi ban mayar ba" alhali kin mayar har da ɗori.

Yadda nake yi, kuma nake koya wa mutane, ba shi da wuya. In na gama karatun asuba ba na tashi sai na fitar da abu ɗaya, ɗaya tak, wanda yake da suna da wuri. "Zan zama mai haƙuri" ba ya zuwa ko'ina. "Yau in yaron shago ya ɓata wuyan riga ba zan zage shi gaban mutane ba," wannan yana da ƙafa. Nakan rubuta kalma biyu ko uku da alli a jikin teburin yanka. Ke kina iya rubutawa a guntun kwali ki sa cikin gwangwanin canji, inda hannunki zai taɓa sau ɗari. Da dare kafin barci in tambayi kaina, yaya muka ƙare da abin nan? Wata rana godiya, wata rana neman gafara, wata rana sai na je na ƙwanƙwasa ƙofar wani. Ba kullum karatu yake ba da aikin yi ba, kada ki matsa masa. Wata rana abin da za ki ɗauka shi ne wani abu game da Yesu kansa, yadda ya taɓa kuturu a Markus sura 1 tun kafin ya warke, ki yini kina juya shi a zuci. Wannan ma guzuri ne. Manna, abincin da Allah ya saukar wa Isra'ilawa a jeji, ta yini guda ake tara ta, wanda ya ɓoye ta kwana sai ta yi tsutsa, haka Fitowa 16 ta nuna.

Akwai rami a nan, dole in nuna miki. Mai neman aikata Maganar yana iya mai da Littafin kundin dokoki, kullum yana auna kansa yana faɗuwa, har ya gaji ya ce Allah ya gaji da shi. Dubi yadda Bulus ya gina wasiƙarsa ga Afisawa: sura 3 na farko abin da Allah ya riga ya yi mana cikin Almasihu, kyauta, sa'an nan 3 na ƙarshe yadda za mu yi tafiya. Zakka mai karɓar haraji bai mayar da kuɗin mutane don Yesu ya shiga gidansa ba. Yesu ya shiga tukuna. Gyaran olonka ba ya sayen ceto. Wanda aka yafe wa ne yake samun ƙarfin gyara ta.

Sai harshe. Hausar Littafi ba ita ce Hausarmu ta zango ba, kada ki ji kunya in kalma ta sha miki kai. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fara fitowa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi ɗawainiyarsa tare da wasu, kuma Hausar can ce ta wancan zamani. An sake fassara daga baya, akwai kuma Sabon Rai Don Kowa mai sauƙin lafazi, ana samunta a waya. 'Yan'uwanmu na kudu sun riga mu: na harshen Ga ya fito a 1866, na Twi a 1871. In kina jin Twi, ko Turanci, ko harshen gidanku, ki ajiye biyu gefe da gefe. Inda ɗaya ya rufe, ɗayan yakan buɗe. In ido ya gaji, ki sa na sauraro a waya kina tsintar wake. Yawancin masu bi na farko da kunne suka karɓi wasiƙun nan, ana karanta musu a taro.

Kada kuma ki yi ta fama ke kaɗai. Mutumin Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 babban ma'aji ne, mai ilimi, yana karanta Ishaya a karusarsa, amma da Filibus ya tambaye shi ko yana fahimta sai ya ce ina fa, sai da mai bayani. Matambayi ba ya ɓata. Nemi mace ɗaya a zumuntar mata ku riƙa bin littafi ɗaya, ku tambayi juna ranar Lahadi. Amma mai bayani ma a auna shi. Kina jin masu wa'azi da lasifika a kasuwa da cikin mota. Akwai na kirki a cikinsu, akwai kuma wanda kowace aya ya taɓa sai ta ƙare a aljihunki. Mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus da kansa suka saurara, duk da haka kullum sai sun koma Littattafai sun duba ko haka ne, aka kuwa yabe su. Ni ma abin da na rubuta miki, ki buɗe ki duba.

Za a yi kwanakin da za ki karanta ki ji kamar kin tauna ƙaiƙayi. Za a yi makon da yaro zai kwanta ciwo, ba ki buɗe ko sau ɗaya ba. Kada ki ce sai kin rama abin da ya wuce, ki ɗora daga inda kika tsaya. A irin kwanakin nan ni Zabura nake komawa, ta 13 ko ta 42, wani lokaci ta 88 wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da amsa ba, in karanta da ƙarfi ta zama addu'ata tunda tawa ta ƙafe. Mu teloli muna cewa yau da gobe ta sa allura ginin rijiya.

Gobe da asuba ki karanta Markus 1, aya 1 zuwa 13, ki tsaya nan. Firistoci 19 ki ajiye ta ranar Lahadi da yamma, lokacin da babu gaggawa. Sauran littafin za mu bi shi tare da wasiƙar Ibraniyawa in lokaci ya yi, don ita ce take bayyana ma'anar hadayun. In kuma za ki zo aji ranar Laraba, ki taho da olonkarki a jaka. Maman yara tana da wata sabuwa da ba a taɓa bugawa ba, sai ku gwada su da masara a bayan ɗakin sujada, ku biyu kawai.